Waken Alhaji Kalli Goma Sha Biyu

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Nguru ya san Alhaji Kalli, in bai ga fuskarsa ba to ya ji muryarsa. Gajere ne mai tumbi, ba ya fita sai da babbar riga ko da a tsakiyar bazara. A bakinsa babu wasan da bai ƙware a kai ba. Dara, shi ya koya wa mutanen Machina. Lido, tun yana yaro aka hana shi yi don manya suna jin kunya. Karta kuwa tausayin jama'a ne ya sa ya tuba. In ka tambaye shi me ya sa ba a taɓa ganin ya ci kowa ba, sai ya ce shi mutum ne da ba ya son ɓata zumunci.

Wata Laraba da hantsi ya biya shagon ɗinkin Taufiq, ɗan ƙanwarsa, zai karɓi wando. Ya tarar an ture keken ɗinki gefe, Taufiq da ƙanwarsa Mas'uda, mai sayar da magani a kemis ɗin da ke jikin shagon, sun yi tagumi a gaban tebur. A kan teburin akwai takardu da ɗan lido da gwangwanin wake.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Kawu," in ji Taufiq. "Lawal ne ya tafi Damaturu, matarsa ta haihu."

"To haihuwa ce abin tagumi?"

Taufiq ya yi masa bayani. Wani malamin lissafi ne a Gashuwa, Malam Zainulabidin, ya tsara wasa ya sa masa suna Wasan Fatake. Malam shi ke jan labari, kowane ɗan wasa kuma yana da mutuminsa a takarda, da suna da sana'a. In Malam ya ce ga kogi a gabanku, kai za ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ɗan lido, lissafi ya nuna ko ya yi nasara. Wanda ya mutu a labari ya mutu ke nan, a gabanka za a yage takardarsa. Duk mako biyu Malam yakan zo Nguru ya ja musu labari. Shekara guda Taufiq ya yi yana renon nasa mutumin, wani falke mai suna Ɗan Koli, ita kuma Mas'uda tana da masunciya mai suna Zara. Ranar Asabar za a kara tsakanin Nguru da Gashuwa a can Gashuwa, a kan kofi, mutum uku-uku, ga shi Lawal, na ukunsu, ya tafi. In ba su cika uku ba, Gashuwa ta ci ba tare da an jefa ɗan lido ko sau ɗaya ba.

Alhaji Kalli ya jawo kujera ya zauna.

"Kun cika."

"Da wa, Kawu?"

"Da ni. Wannan wasan ai a Chadi na fara yin sa."

"Kawu, bara Malam ya ƙirƙiro shi," in ji Mas'uda.

"To wa kike jin ya ba shi shawara?"

Kawu ne, ba a ce masa a'a. Kuma ba su da wani. Mas'uda ta ɗauko sabuwar takarda ta ja layi a tsakiya, ta ƙirgo wake goma sha biyu ta ajiye a gabansa.

"Sabon mutum wake goma sha biyu ake ba shi. Wannan gefen matsayi, wancan gefen baiwa: iyo, tuƙin kwalekwale, takobi, sanɗa, magani, iya magana, murya. Ka saurara da kyau, Kawu. Matsayi ninka baiwa yake yi. In kana da iyo biyu da matsayi uku, kana da shida tun kafin ka jefa ɗan lido. Amma abin da ba ka da baiwarsa, komai girman matsayinka, abin da ɗan lido ya ba ka shi ke nan. Sannan babba, babban aiki Malam yake ɗora masa."

"Shi wannan falken na Taufiq, matsayinsa nawa?"

"Huɗu."

"Shekara guda, huɗu?" Ya dubi Taufiq da tausayi. "Halin gidan ubanku ne, ba namu ba."

Ya sa gefen hannu ya share waken gaba ɗaya zuwa gefen matsayi. Ƙwaya ɗaya ta gangara ta tsallake layi.

"Kawu, ka raba su!" Taufiq ya miƙe tsaye. "Sha ɗaya sau sifili, sifili ne!"

"Kai tela, zauna. Ka taɓa ganin babban mutum yana iyo? Umarni yake bayarwa a yi masa. Wannan da ta gudu, a sa mini ita a murya."

"Wannan ai kana da ita a gida, ba sai ka saya ba," in ji Mas'uda.

"Rubuta. Sunansa Barde Hana-Barci."

Kafin Juma'a duk layin masu kifi ya ji labari. Alhaji Kalli ya ce mutanen Gashuwa sun aiko a ɓoye suna roƙon kada ya zo. Ya ce Malam ɗin da kansa zai sauka daga kujera ya ba shi. Ranar Asabar da safe ya loda mutum takwas daga cikin maƙwabtansa na kasuwa a bayan a-kori-kurar da yake dakon kifi da ita, ya ƙara da mai kalangu. Ya sallami direbansa, ya ce ranar tarihi shi zai tuƙa da kansa.

"Kawu, ina gilashinka?" Mas'uda ta tambaya da ta ga yana lalubar ramin makulli.

"Barde ba ya sa gilashi."

Duk ramin da ke kan hanya sai da Barde ya gaishe shi. Suna shiga Jajimaji motar ta yi tari sau uku, ta fitar da farin hayaƙi, ta tsaya a gaban mai shayi. Bakanike ya leƙa ya tambayi wanda ya taho tun daga Nguru da birkin hannu a ɗage. Alhaji Kalli ya ce sammu ne daga Gashuwa. Nan aka bar motar. Haka mayaƙan Nguru suka shiga Gashuwa a saman buhunan albasa a bayan wata motar kaya, mai kalangu yana kiɗa yana hawaye.

A farfajiyar makaranta aka shirya wasan, a inuwar dalbejiya. An jera benci, jama'a sun fi ɗari. Malam Zainulabidin, dogo siriri mai sanyin magana, yana zaune a kan teburi da littafinsa. Shugabar 'yan Gashuwa wata ma'aikaciyar jinya ce mai suna Yagana, mutuniyarta a takarda tsohuwar mai magani ce, matsayi uku. Malam ya karɓi takardar Barde, ya duba gaba, ya juya baya ko akwai ci gaba, ya dubi Taufiq. Taufiq ya dubi ƙasa.

"To, bismillah," in ji Malam. "'Yan fashi sun sace gangar gari, sun ɓoye ta a wani tsibiri cikin ciyawar kacala. Ayarin da ya dawo da ita shi ya ci. 'Yan Nguru, ga ku a bakin ruwa, ga kwalekwale."

"Na shiga!" in ji Alhaji Kalli.

"Barde mai matsayi sha ɗaya ba ya tafiya sai da sulke da garkuwa da laima. Nauyi ne. Kana bukatar goma kafin ka shiga ba tare da ka kifar da shi ba. Nawa gare ka a tuƙi?"

"Sha ɗaya."

"Wannan matsayi ne. Baiwar fa?"

"Babu," in ji Mas'uda.

"To jefa."

Alhaji Kalli ya hura wa ɗan lido iska, ya karkaɗa shi a kunne, ya nuna wa mutanensa, mai kalangu ya ɗauki kiɗa. Ya jefa. Huɗu.

"Kwalekwale ya kife," in ji Malam. "Barde ya nutse. Nawa gare ka a iyo?"

"Ni? Ni da aka yanke wa cibiya a bakin ruwa? Kifin da ya bi ta hannuna ya fi mutanen garin nan yawa!"

"Wannan kai ne, Alhaji. Barde kuwa takardarsa ta ce bai iya ba."

"To takardar ƙarya take yi!"

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Alhaji, kifin da ya bi ta hannunka ai busasshe ne, shi ma ba ya iyo!"

Wuri ya kaure da dariya. Mas'uda ta ce Zara ta yi nutso. Iyo uku, matsayi uku, tara, ta jefa biyu, ta kamo Barde ta ƙafa ta jawo shi gaɓa. Amma guzuri ya tafi, kayan kolin da Taufiq ya shekara yana tarawa sun bi ruwa. 'Yan Gashuwa kuwa suka shiga nasu kwalekwalen lami lafiya.

"Dabara ce," Alhaji Kalli ya juya ya gaya wa mutanensa. "Zurfin ruwan na je na auna."

Malam ya ci gaba. Sun isa wata rugar masunta, inda wata tsohuwa ita kaɗai ta san hanyar tsibirin. Taufiq ya yi ajiyar zuciya, domin Ɗan Koli yana da iya magana huɗu da matsayi huɗu, sha shida ke nan tun kafin jifa.

"Ɗan Koli zai gaishe ta," in ji shi.

"Ba zai yiwu ba," in ji Malam. "A ayari, in da babba a wurin, ƙarami ba ya buɗe baki. Barde, me ka ce mata?"

Alhaji Kalli ya miƙe, ya saɓa hannun riga a kafaɗa, ya nuna wata baiwar Allah mai sayar da zoɓo a gefe kamar ita ce tsohuwar.

"Ke tsohuwa! Kin san wanda ke gabanki? Maza nuna hanya kafin raina ya ɓaci!"

"Uwarka ce tsohuwa," in ji mai zoɓo.

"Jefa," in ji Malam, yana danne dariya.

Ɗaya.

"Tsohuwa ta ɗauko muciya. Ta maka wa Barde a ƙeya, ta bi ku da gudu har bayan ruga. Da 'yan Gashuwa suka iso suka gaishe ta da ladabi, ta ba su fura, ta nuna musu hanya."

"Muciya? Ni da sulke?"

"Sulke ba ya rufe ƙeya, Alhaji."

Ana cikin haka aka kira azahar. Malam ya tattara takardun duka ya ɗora littafinsa a kai, jama'a suka watse zuwa masallaci. Taufiq ya matso kusa da kawunsa a wajen alwala.

"Kawu, don girman Allah, in an dawo kada ka yi komai. Duk abin da Malam ya tambaya ka ce Barde yana bayan Zara. Saura ƙiris Ɗan Koli ya kai matsayi biyar."

"Kwantar da hankalinka. Kawunka ya gano kan wasan."

Liman yana sallamewa, kafin a shafa addu'a, Alhaji Kalli ya riga ya sa takalmi, ɗaya ma ba nasa ba ne. Ya iso teburi ba kowa. Ya ɗaga littafi, ya zaro jan biron da yake sa wa kwalayen kifi alama. Ba gilashi, rubutun duk ya zame masa tururuwa. Ya tuna takardarsa ce ta ƙarshe da Malam ya karɓa, don haka ta sama ce. Ya danne ta da babban yatsa, ya bi layin baiwa yana rubuta biyar, biyar, biyar, har ƙasa. Ya mayar da littafi, ya cusa biro a aljihun gaba ko murfi bai sa ba, ya koma benci ya ɗauko carbi.

Aka dawo, Malam ya raba wa kowa takardarsa.

"Kun iso tsibiri da ƙyar. 'Yan fashi goma suna barcin rana, ganga na rataye a bishiya. A bakin ruwa kuma ga dorina ita ma tana barci. Sai da sanɗa."

"Barde yana bayan Zara," in ji Taufiq da sauri.

"Barde yana gaba!" in ji Alhaji Kalli. Ya miƙa takardarsa yana murmushi. "Malam, duba mini sanɗa. Duba da kyau, ka ninka."

Malam ya duba. "Babu komai, Alhaji."

"Matso da ita haske."

"Ko a rana na shanya ta, babu."

Alhaji Kalli ya karɓi takardar ya kai ta dab da hanci, ya nisanta ta, ya juya ta. Gumi ya fara tsattsafo masa. Mutanensa na layin kifi sun zuba masa ido, mai kalangu ya ɗaga makaɗi yana jira. Bai ga hanyar komawa baya ba.

"To barde ma ai ba ya sanɗa kamar ɓarawon kaji. Zan yi kirari!"

"Kawu, a'a!" Taufiq da Mas'uda suka faɗa tare.

"Wannan kam yana da baiwarsa," in ji Malam. "Murya ɗaya, matsayi sha ɗaya. Jefa."

Alhaji Kalli ya haye benci. "Sai ni Hana-Barci na Kalli! Sai ni ruwan da ya ci gada! Ku tashi, ga mutuwarku ta zo da laima!" Tantabarun da ke kan rufin aji suka watse. Ya jefa ɗan lido daga can sama.

Shida.

"Allahu akbar! Kun gani? Kun gani?" Kalangu ya ɓarke, 'yan layin kifi suka tashi suna rawa.

"Sha bakwai," in ji Malam bayan an lafa. "Tun da na fara jan wasan nan ba a taɓa yin ƙara irin wannan ba. 'Yan fashi goma sun farka. 'Yan'uwansu ashirin da ke tsallake su ma sun ji, suna tahowa. Dorina ta tashi."

Kiɗa ya tsaya.

Zara ta faɗa ruwa ta tsira da kibiya a kafaɗa. Barde ya zaro takobin da bai iya riƙewa ba, ya jefa biyu, dorina ta zo ta zauna a kansa. Saura Ɗan Koli, 'yan fashi sun kewaye shi. Ba shi da iyo, ba shi da takobi, ga kayan da zai ba su ya fanshi kansa sun tafi a kwalekwale. Malam ya ce sai ya jefa biyar ko shida. Taufiq ya daɗe da ɗan lido a hannu. Ya jefa. Uku.

Malam ya karɓi takardar da ta sha ninki har ta yi laushi, ya yaga ta biyu. Taufiq ya karɓi gutsattsarin ya sa a aljihu.

"'Yan Gashuwa, ku ne," in ji Malam.

Yagana ta ɗauki takardarta, ta yi turus. "Malam, tsaya. Wani ya yi mini rubutu. Tsohuwata mai magani ce, tafiya ma da sanda take yi. Yanzu ga shi an ba ta takobi biyar, iyo biyar, sanɗa biyar. Da jan biro."

Alhaji Kalli ya yi zumbur ya miƙe.

"Ha'inci! Kun ji ko? Dama na faɗa! Mutanen Gashuwa sun yi maguɗi! Malam, a kore su, a ba mu kofi!"

"In ni na yi, Alhaji, zan tona kaina?" in ji Yagana.

"Tsoron Barde ne ya kama ki!"

Malam ya karɓi takardar. A gefenta akwai shatin babban yatsa na maiƙo. Ya kai hanci ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi. Shi ma ya shinshina ya miƙa gaba. Takarda ta bi benci ɗaya bayan ɗaya har ta isa hannun wani dattijo daga layin kifin Nguru. Ya shaƙa sau biyu, kamar mai taya kaya.

"Tarwaɗa ce," in ji shi. "Bandar makon jiya."

"Kifi ai kowa na ci!" in ji Alhaji Kalli.

"Kawu," in ji Mas'uda, "ƙirjinka."

Ya duba. Biron ya tsiyaye a aljihu, jan tabo ya bazu a farar shadda kamar faɗin faifai.

"Jini ne! Dorinar nan ce!"

"Kawu, ka nutsar da mu, ka jawo mana muciya, ka kashe Ɗan Koli. Duk na haƙura. Amma a ce satar ma abokan gaba ka yi wa?"

Dariyar da aka yi har wani ya faɗo daga benci. Wayoyi duk sun tashi sama ana ɗauka. Mai kalangu ya duba hagu ya duba dama, ya taka a hankali ya koma bayan Yagana ya ci gaba da kiɗansa. Alhaji Kalli ya ce shi ba zai zauna inda ba a san darajar manya ba. Ya yarfa riga zai fita, hannun rigar ya kamo gwangwanin waken da ke kan teburi ya watsa a siminti. Taku biyu ya yi, ƙafafunsa suka yi sama, ya sauka a kan tumbi a gaban mai zoɓo.

"Sannu, Barde," in ji ta. "Ko in ɗauko muciya?"

Aka goge wa Yagana biyar-biyar ɗinta, da baiwarta ta gaskiya ta lallaɓa ta ɗauko ganga yayin da 'yan fashi ke neman Zara a ruwa. Gashuwa ta ɗauki kofi. Malam ya ba Taufiq sabuwar takarda da wake goma sha biyu a ƙullin leda, ya ce ya je ya sake farawa.

Bayan la'asar Taufiq da Mas'uda da 'yan layin kifi suka cika mota guda, suka ce babu wuri. Alhaji Kalli ya juya rigarsa gaba ta koma baya, ya sayi rawani a bakin tasha ya naɗe fuska sai idanu, ya shiga wata bas ya lafe a kujerar ƙarshe.

Ba su kai ga fita gari ba wata dattijuwa 'yar kasuwa da ke gefensa ta fara ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Ta miƙo masa wayarta.

"Malam, ka ga wannan sakaran? Yanzu jikata ta turo mini. Wai daga Nguru ya zo da makaɗi. Dubi yadda ya faɗi! Kai ɗan Nguru ne, ka san shi?"

Ya ƙanƙance murya. "Sama-sama. Amma ba ɗan Nguru ba ne, Hajiya. Baƙo ne."

"Ai na ce! Direba, rage rediyo mutane su ji."

Waya ta bi kujera-kujera, kowa na cewa a sake kunnawa. Sun kusa Jajimaji sai tasa wayar ta ɗauki ƙara a aljihu. Irin tsohuwar nan ce mai lasifika kamar ta masallaci. Ya danna don ya kashe, ashe ɗauka ya yi. Muryar matarsa Hajiya Gumsu ta cika motar.

"Alhaji Kalli! Kai ne nake gani a waya kana iyo a cikin wake? Farar shaddar da na kai guga jiya?"

Kowa ya waiwayo, har direba ta madubi.

Alhaji Kalli ya gyara rawani, ya kai wayar baki a hankali.

"Baiwar Allah," in ji shi, "kin yi kuskuren lamba."